Tabon da Mai Hoto Ya Goge

Mai hoton da ke bakin titi, jikin shagon masu gyaran waya, ya karɓi hoto ɗaya tilo da wata tsohuwa take da shi na marigayi mijinta, ya zabga masa launi, ya goge abin da ya ga dama, sannan ya ajiye nasa a kan na ainihin. Ba ta sa shi ba. Cewa ta yi ya ƙara wa hoton girma, ya wanke, ya sa a firam, shi ke nan. Yau wata biyu ke nan tana zarya tsakanin gidanta da shagon nan da gwiwar da ba ta da lafiya, kullum maganar ɗaya ce, ta dawo jibi.

Mutumin da aka yi wa wannan aika-aika mai fenti ne. Ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana hawa tsani, kuma duk wanda ya taɓa ba shi aiki ya san shi da laƙabin Sai-Ya-Bushe. Ba a banza aka sa masa ba. In aka kira shi aiki, ba ya buɗe bokiti ya hau shafawa kamar sauran. Zai haɗa launin a 'yar roba, ya shafa kamar faɗin tafin hannu a bango, ya wanke burushinsa, ya yi sallama. Mai gida zai bi shi yana cewa, "Malam, ina kuma za ka? Ai wannan ɗin ya yi, a ci gaba kawai." Shi kuwa ko waiwaye ba ya yi, sai dai ya ce, "Sai ya bushe." Washegari zai zo da safe ya duba wurin, ya dawo da rana tsaka ya duba, ya sake leƙowa da yamma lokacin da haske ya yi laushi. In launin bai ba shi kunya ba a duka ukun, to a sannan ne zai saka tsohuwar rigarsa ya fara aiki. In ya ba shi kunya, ya sake haɗawa, mai gida ya yi ta fushinsa.

Cewa yake jiƙaƙƙen fenti ya iya ruɗin ido, yana walƙiya yana yi maka fara'a, sai ya kwana ka ga halinsa. Kuma ba ya son launi mai ihu. Akwai wani mai kuɗi da ya taɓa nuna masa kore shar a takardar zaɓen launi ya ce shi yake so a falonsa. Sai-Ya-Bushe ya kalli takardar, ya kalli mutumin, ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan za ka riƙa cin abinci? A nan za ka zauna ranar da kanka ke ciwo?" Mutumin ya ce kuɗinsa ne ko na wani? Ya ce nasa ne, ya ɗauki tsaninsa ya tafi. Bayan wata uku aka aiko a kira shi ya zo ya rufe koren da wani ya shafa, don matar gidan ta ce in ta shiga falon jiri take ji.

Da ya dawo gida da labarin, matarsa ba ta yaba masa ba. Ita ba ta iya yabo a gaban ido ba. Ta ce, "To sannu, likitan bango. Kana gyara falon mutane, ga ɗakinka nan kamar an yi gobara." Gaskiya ta faɗa. Shekara goma sha tara suka yi a gidan, ɗakin kwanansu bai ga fenti ba. Duk lokacin da ta yi mita sai ya ce bai samu launin ba tukuna. Ta ce launi ne ko ɓataccen akuya da za a yi ta nema shekara da shekaru?

Baƙi ne shi, baƙi sosai, irin wanda in ya yi zufa goshinsa ke sheƙi. Hannuwansa kuwa ko da kananzir aka wanke, sai an bar farin fenti a gefen farce da cikin tsagar fata. Gemunsa ya fara furfura da wuri, kuma fenti na yawan fallatsa masa, saboda haka in ya zauna cin abinci da yamma, takan miƙa hannu ta tsinci farin gashi ɗaya ta ja.

"Wannan tsufa ne ko aiki?"

"Wayyo! Ke dai ba ki da tausayi. Tsufa ne, sake ni."

"To wancan fa?"

"Wancan na gidan likita ne, jiya na yi masa silin."

Yana da tabo a gira. Tun suna sabon aure ya faɗo daga tsani, bakin bokiti ya tsaga masa girar gida biyu, aka ɗinke, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Ita ta riƙe masa kai a asibiti, tana masifa tana kuka. Tun daga ranar, in zai yi mata zolaya, girar nan mai tabo ce take fara ɗagawa kafin bakinsa ya buɗe. Da ta ga ta motsa, ta san wata maganar banza na tafe.

Ba ya son hoto. In aka ɗaga waya sai ya kare fuska da hannu ya ce shi ba bango ba ne da za a tsaya kallo. Na katin shaida ne kawai ya yarda aka yi masa, shi ma ya koɗe a aljihu har ba a gane ko wane ne. Hoton da ake magana a kansa, Auta ce ta ɗauke shi a sace, wato 'yarsu ta ƙarshe, ranar da ya gama fentin ɗakin nan bayan shekara goma sha tara. Daga ragowar bokitai ya haɗa launin, kaɗan daga nan kaɗan daga can, ya yi mako guda yana shafa tafin hannu a bango yana jira. Abin da ya fito ba shi da suna a takardar kowane kamfani. Ruwan toka ne da ya ɗan sha kore, kamar bayan ganye, mai sanyi a ido. Yana tsaye jikin bangon, burushi a hannu, tsohuwar rigarsa duk ɗige-ɗige, matar ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Yanzu wannan ne abin da aka yi shekara goma sha tara ana nema? Ai ko toka na watsa zai fi haka." Ya juyo zai rama, girar ta ɗaga, Auta ta danna wayarta.

Bayan shekara biyu ƙirji ya kama shi. Likita ya ce abin da ya daɗe yana shaƙa ne. Ya yi wata huɗu yana tari a ɗakin da ya shafa, wata safiya ya cika. Allah ya jiƙansa.

Wayar Auta tuni ta faɗa bokitin wanki ta mutu, amma an ciro memorin, ɗan abu kamar farcen yatsa. Uwar ta naɗe shi a takarda ta sa cikin gwangwanin allura da zare. Lokaci-lokaci Auta kan ari wayar maƙwabciya ta sa shi, su kalli hoton, su mayar. Da Auta ta koma gidan mijinta, ɗakin ya yi wa tsohuwar faɗi, sai ta yanke shawarar a wanke mata shi babba, ta rataye inda za ta riƙa gani daga kan gado.

Shagon ƙarami ne. Kwamfuta biyu, tsohuwar a bakin kantar shagon, sabuwar a ciki, bango kuma cike da hotunan mutane da kowa fuskarsa sumul kamar an goge da dutsen guga. Mai hoton magidanci ne, ba yaro ba, har da tumbi. Ya karɓi memorin, ya fara cusa shi a tsohuwar kwamfutar kamar yadda yake yi wa kowa, ya kwafe abin da ke ciki, sannan ya zare ya kai sabuwar. Ta nuna masa hoton da yatsa.

"Wannan. Ka ƙara masa girma kawai, ɗana."

"Mama, ki bar mini komai. Sai kin rasa gane shi."

Ta ɗauka irin maganar 'yan kasuwa ce, har ta yi murmushi.

Ranar karɓa, ya fito da firam ɗin a naɗe, ya yage takardar da kansa yana washe baki, ya jingina shi a kan kantar. Ta duba. Ta matso ta sake dubawa. Ta ce, "Ɗana, ka yi kuskure, na wani ka ba ni."

"Naki ne, Mama. Baba ne."

Bangon ya koma kore shar, irin wanda marigayin ya ɗauki tsaninsa ya bar gidan mai kuɗi saboda shi. Rigar ta zama shuɗiya mai ƙyalli, babu ɗigo ko ɗaya. Mutumin da ke ciki fatarsa ta yi ja kamar wanda aka shafa wa ruwan lemo, goshi babu layi, gemu baƙi ƙirin, haƙora fari fat. An cire burushin daga hannunsa, hannun ya rage a sama yana riƙe da iska, yatsu tas kamar na wanda bai taɓa ɗaukar ko tsintsiya ba. Gira biyu kuwa cif, kowace a cike, kamar da ma'auni aka zana.

"Ina tabonsa?"

"Na gyara. Ai ɓata hoton ya yi. Kin ga yadda aka kawo shi kuwa? Duhu, ga datti a riga, bangon kamar ya koɗe. Awa biyu na yi a kansa, wallahi ko na amarya ban yi wa haka ba."

"Bangon bai koɗe ba. Haka ya yi shi."

"Mama, yanzu haka ake yayi. Kowa so yake hoto ya fito, ya yi rai. In na ba ki shi yadda yake, gobe wani ya gani a ɗakinki ya tambayi wa ya wanke, sunana ne zai ɓaci."

Sunansa! Ana maganar fuskar mijin mutum, shi yana maganar sunansa. Kuma a ce baƙar fatar da bawan Allah ya yi shekara sittin da bakwai a cikinta ita ce duhun da za a gyara? Fentin da ya ciyar da 'ya'ya huɗu da shi, shi ne datti?

Ba ta iya faɗa a waje ba, a gida ne bakinta ke da kaifi. Ta ɗauki firam ɗin da memorinta ta fito. Ta ce a ranta ba komai, ai na ainihin yana nan, a kai wani shagon. Sai da Auta ta zo ƙarshen mako ta sa memorin a waya, sannan suka ga abin da ya faru. Mutumin nan mai jan fuska ne a ciki. Mai hoto a kan memorin ya yi aikinsa, da ya gama ya danna ajiya, sabon ya hau kan tsohon ya shafe shi. Auta ta duba sama ta duba ƙasa, babu.

Auta ba irin uwarta ba ce a waje. Ta isa shagon ko zama ba ta yi ba.

"Malam, wa ya ce ka taɓa mana hoto?"

"Haba 'yar'uwa, a yi magana a hankali mana. Alheri na yi."

"Riƙe alherinka. Ina na ainihin?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai yana kwafe komai a tsohuwar kwamfuta, to amma ta ƙi tashi tun shekaranjiya, tana wurin mai gyara. In an dawo da ita zai duba. Su dawo jibi.

Jibin nan ne har yau. Auta tana da goyo, gidanta kuma da nisa, saboda haka uwar ce ke zuwa. Ta hau mota, ta sauka, ta tsallaka titi tana ɗingishi, ta zauna a benci ƙarƙashin hotunan masu sumul ɗin fuska. Yau mai gyara ya yi tafiya. Gobe ba a samu abin da za a canza ba. Wata rana ma a gabanta ya ɗaga waya yana cewa in abin zai yi wahala a wanke kan kwamfutar gaba ɗaya a sake zuba mata komai, ya gaji. Ba ta gane ba, sai da ta maimaita wa Auta kalma bayan kalma, ta ji Auta ta yi salati, ta ce ai shafe komai za a yi ke nan, har da hoton.

Firam ɗin kuwa ba ta rataye ba, kuma ba ta iya jefarwa ba, don ko ba komai tsayuwarsa ce, kafaɗarsa ce. Ta jingina shi a kan akwati, yana fuskantar gado. Maƙwabciyarta ta shigo ta gani ta tafa hannu. "Kai, ma sha Allah! Ashe haka Malam yake da kyau? Kamar ɗan saurayi!" Ta yi shekara goma sha biyar tana gaisawa da shi kullum, amma ga shi tana yaba wani.

Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne ido yana sabawa. Da safe in ta farka, fuskar nan take fara gani. In ta zauna tsintar shinkafa, tana gabanta. Wata rana da hantsi tana ninke kaya, ta tuna yadda yake ɗaga gira, ta lumshe ido don ta gan shi, sai mutumin firam ɗin ya zo mata, da jan goshinsa da haƙoransa. Ta buɗe ido da sauri ta sake rufewa. Shi ne dai. Ta tashi ta juya firam ɗin ya kalli bango.

A ranar ta yanke shawarar ba za ta ƙara jiran kwamfuta ba. Ta ɗauki wuƙa ta je bayan ƙofa, inda ba a gani, ta ɓanɓaro ɓawon fenti kamar faɗin farce, ta naɗe a takardar da memorin yake ciki. Ta isa shagon da rana, ta buɗe takardar a kan kantar.

"Ga launin bangon. Tunda kai ka ƙara, ai za ka iya ragewa."

Mai hoton ya kalli ɓawon, kuma a karo na farko bai yi dariya ba. Ya jawo mata kujera kusa da sabuwar kwamfutar, ya buɗe hoton. Akwai wani ɗan layi a gefe da yake ja, in ya ja dama launi ya ƙaru, in ya ja hagu ya ragu. Abin da ya ja ke nan tun farko har ƙarshensa. Ya fara dawo da shi baya. Koren ya yi sanyi, ya yi sanyi, ta kara ɓawon a jikin gilashin kwamfutar tana cewa, "Ƙara. Ƙara kaɗan. A'a, ka wuce." Bai yi daidai ba, amma ya kusa. Ya rage hasken fuskar, sai ta koma wani toka-toka kamar mara lafiya, don baƙin ainihin ya riga ya tafi, ba a ja layi a dawo da shi. Ta ce a bar shi haka.

"Saura tabon," in ji shi. "Wannan zana shi zan yi. Ba wuya. A wace gira yake, dama ko hagu?"

Ta buɗe baki.

Ita ce ta riƙe masa kai ranar da aka ɗinke wurin. Shekara arba'in da uku tana kallon girar nan tana ɗagawa. Ta ɗaga hannu ta taɓa tata girar ta dama, ta sauke, ta taɓa ta hagu. In yana zaune gabanta yana cin abinci, ta wajen taga take, to amma tagar tana damansa ne ko damanta? Ta kalli gilashin ko zai taimake ta, gira biyu cikakku suka kalle ta.

"Mama?"

"Bari na kira Auta."

Auta ta ce hagu, ba ta ko yi jinkiri ba. Sai kuma ta ce, "Tsaya, Mama, hagu a hoto ko hagunsa?" Aka kira babban wan Auta, direba ne, yana kan hanya, ya ce dama ce, yana da tabbaci, ai in Baba na gaba a mota ita yake gani. Auta ta ce ta ina direba zai ga daman wanda ke gefensa? Suka hau musu a waya, uwar na riƙe da ita nesa da kunne.

Mai hoton ya ce, "Ki zaɓi ɗaya kawai, Mama, wa zai sani?"

Ta naɗe ɓawon fentinta a takarda, a hankali, ta sa a jaka. Ta ce, "Kada ka zana masa komai." Ta miƙe, ta dafa kantar, ta fita. Sai da ta tsallaka titi ta zauna a dakalin wani shago sannan kukan ya zo, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da shi. Mai shagon ya fito da ruwa a kofi yana tambaya ko an yi mata sata ne. Ta ce e.

Yanzu tana gida. Firam ɗin na kallon bango, ita ma bangon take kallo, don shi kaɗai ya rage da ba a taɓa ba. Da safe launinsa daban, da rana daban, da yamma daban, kuma duka ukun ba ya ba da kunya. Takan zauna ta yi ta gwada girar a ranta, dama, hagu, kamar mai gwada mabuɗi a ƙofar da ba tata ba.

To, mai hoto, kai ake wa magana, kai da mai gyaran da kwamfutar ke hannunsa. Hoton nan yana cikin tsohuwar kwamfutarka, da bakinka ka faɗa. Kada wanda ya wanke kanta, kada wanda ya sayar da ita, kada wanda ya zuba mata komai. Ka rufe shagonka na awa ɗaya, ka taka da ƙafarka zuwa wurin mai gyara, a ciro abin da ke cikinta ko da ita ba za ta ƙara tashi ba. Ka nemo hoton baƙin mutum mai burushi a hannu, da ɗige-ɗige a riga, da gira ɗaya a tsage. Kada ka haska shi, kada ka goge shi, kada yatsanka ya kusanci layin nan naka. Ka wanke shi yadda yake, ka kai mata har gida, don gwiwarta ta gaji da titinka. Kuma ba jibi ba.